Ƙaura mai nisa: ka kwashe kayanka ne ko ka sayar ka sake saye a can?

Duk wanda ƙaura mai nisa ta taso masa, ko canjin wurin aiki ne, ko karatu, ko aure, ko kawai neman inda rayuwa zata fi sauƙi, akwai ranar da zai tsaya tsakar ɗaki yana kallon gado da katifa da firij da kujeru yana tambayar kansa wai duk waɗannan da su zan tafi? Yawancinmu amsar da ke fara faɗo mana ita ce eh mana, ai da gumina na saye su. Ni ma haka nace lokacin ƙaurata ta farko, na kwashi komai har da tsohuwar fankar da ta daina juyawa wai in na isa zan gyara, kuma abin da ya biyo baya shi yasa nake son in baje maganar nan dalla-dalla, don na ga mutane da yawa suna isa sabon wuri da kaya cike da ɗaki amma aljihu ba ko na sati biyu, kuma wallahi wannan halin ba daɗi, musamman in kana da yara.

Manyan hanyoyin dai biyu ne. Ko ka biya a ɗaukar maka kayanka a kai maka can, ko ka sayar da su a nan ka tafi da kuɗin da 'yan jakunkunanka, in ka isa ka sake haɗa gida a hankali. Kowacce da inda take cizo, sai dai ba lokaci ɗaya suke cizon ba, kuma nan ne ba a cika lura ba.

Bari mu fara da lissafin kaya ɗaya bayan ɗaya, don ba a yanke hukuncin gida gaba ɗaya a dunƙule. Kowane babban abu da kake da shi, lambobi uku zaka nema masa. Nawa za a saye shi a hannunka yau in ka sa shi a kasuwa, nawa zaka sayi irinsa a can inda zaka je, sannan nawa ne rabonsa a cikin kuɗin ɗauka. A ce kujerun falonka ka saye su 100, ko wane irin kuɗi kake amfani da shi. Yau in ka sa su a kasuwa da ƙyar a baka 35. A can kuma ka bincika ka ga na hannu irinsu masu kyau ana samu a 50. Kaga asararka in ka sayar ka sake saye 15 ce kawai. Toh in wurin da zasu ci a mota da kuɗin masu ɗorawa da saukewa ya kai 30, ai ka ga ɗaukarsu ninkin asara ne, ga fargabar su isa da ƙafa ɗaya a karye. Ka lura 100 ɗin nan da ka biya tun farko bata shigo lissafin ba ko kaɗan, wannan kuɗin ya riga ya tafi ko ka ɗauka ko ka bari, amma ita ce ke riƙe zuciyar mutum har ya kasa rabuwa da abu. Na san zafin, mutum ya yi wata da watanni yana tari kafin ya sayi abu sannan wani yazo yana taya masa kashi ɗaya cikin uku yana ma yatsina fuska. Amma zafin nan baya rage maka kuɗin mota.

Yanzu ka juya lissafin kan keken ɗinki, ko kwamfutar aikinka, ko akwatin kayan gyaranka in kai mai sana'ar hannu ne. Basu da girma sosai, in ka sayar zaka faɗi da yawa, in ka isa kuma dole ka saya nan take domin da su zaka ci abinci, kuma hannunka ya saba da su. Irin waɗannan ba ma sai ka tsaya dogon lissafi ba, da su zaka tafi. Abin da ke fitowa fili in ka bi kayanka a haka shi ne, abu mai cin wuri marar tsada shi ke cinye kuɗin ƙaura, ƙaramin abu mai tsada kuwa kusan kyauta yake tafiya.

Dalilin haka yana cikin yadda masu jigila ke yanka kuɗinsu. Nisa suke dubawa, sannan nauyi ko girman wurin da kaya zasu ci. In ta ruwa ne, da kyubik mita ake awo. Kwantena mai ƙafa 20 cikinta ya kai wajen kyubik mita 33, mai ƙafa 40 kuma wajen 67, amma bazaka taɓa cika ta taf ba don kayan gida basa jeruwa kamar bulo, dole a samu gurabe. In kayanka basu kai cika kwantena ba ana haɗa ka da wasu ka biya iya wurin da ka ci, wannan ya fi sauƙi a takarda, sai dai kayan zasu jira sai an samu abokan haɗi, kuma in an isa akwai kuɗin buɗe kwantena da rarraba kaya wanda sau da yawa baya cikin farashin da aka fara gaya maka, don haka ka tambaya tun wuri. In ta jirgin sama ne kuma akwai wani abu da ke ba mutane mamaki. Ba nauyin sikeli kaɗai ake bi ba, ana auna tsawo da faɗi da tsayin kwali da santimita a ninka su a raba da 6000, wasu kamfanonin aike da 5000 suke rabawa, duk wanda yafi yawa tsakanin wannan da nauyin gaske shi zaka biya. Kwali mai 60 da 50 da 40 kenan an ɗauke shi kilo 20 ko da filo ne kawai a ciki da bai wuce kilo 5 ba. Jakar fasinja kuma a yawancin jirage kilo 23 ce iyakarta, abin da ya ɗoru a kai tsada gare shi, ya fi ma tsada in sai a filin jirgi ka biya maimakon tun lokacin sayen tikiti.

Kuɗin mota ko na kwantena kuma shi ne wanda kake gani da ido. Akwai 'yan uwansa da ke biye a baya shiru. Kwalaye da salatif da abin naɗe kayan fashewa. Kafintan da zai kwance gado da durowa a nan, da wani da zai ɗaura a can. Leburori a kai biyu, kuma in gidan sama ne kuɗinsu daban, in babbar mota bata iya shiga layinku sai an nemo ƙarama ta riƙa jido, wannan ma daban. In ƙetare iyaka ne ga takardun kwastan da wakilin da zai fito maka da kaya, kuma tashoshin ruwa kwanaki kaɗan suke bayarwa kyauta, suna wucewa sai kuɗin jinkiri ya fara hawa kullum-kullum ko laifinka ne ko ba naka ba. Ƙasashe da yawa suna sassauta haraji kan kayan gidan da mutum ya riga ya yi amfani da su in zama zai dawo yi, amma da sharuɗɗa, kuma sabon kaya a kwalinsa ba lallai ya shiga sassaucin ba, toh ka nemi dokar inda zaka je daga bakin hukumarsu kafin ka ɗora komai.

Sai maganar fashewa. Mutane suna ɗauka in kamfani ya fasa maka talabijin zai saya maka sabuwa. Ba haka abin yake ba sai in ka sayi inshora ta cikakkiyar ƙimar kaya. A Amurka misali, mafi ƙarancin diyyar da doka ta ɗora wa kamfanin da ke kai kaya daga jiha zuwa jiha santi 60 na dala ne kan kowane fam ɗaya na nauyi (fam ɗaya bai kai rabin kilo ba), wato talabijin mai nauyin fam 25 in ta tarwatse dala 15 za a miƙa maka komai tsadarta. Ko'ina kake ka tambayi mai ɗaukar kayanka, in abu ya fashe da nauyi kuke biya ko da ƙima, kuma ya rubuta maka. Wanda zaka ɗauka na baki-da-baki ba takarda kuwa, in abu ya lalace haƙuri kawai zai baka.

Ni abin da ya fi ƙona min rai a ƙaurar farko wata durowar kaya ce babba mai ƙofa uku, irin ta katakon nan da ake matse garin katako a liƙa masa fata mai sheƙi. Na biya an kwance ta, ta ci wuri a mota kamar me, da aka zo ɗaurawa sai kusoshin suka ƙi kamawa, ramukan duk sun zaizaye, kana murɗawa gari na zubowa ƙasa. Haka ta tsaya a karkace ƙofa ɗaya bata rufuwa, ko wata uku bata yi ba muka fitar da ita. Irin wannan katakon ɗauri ɗaya aka yi shi dominsa, baya son kwance-ɗaure, baya son jijjiga, baya son danshi. Katako na gaske ko ƙarfe shi ke jure tafiya. Don haka in zaka duba kayanka ka duba da me aka yi su, kar sheƙin ya ruɗe ka.

Toh kar kuma a ɗauka sayarwa ita ce aljanna. Tana da nata ramukan, kuma masu zurfi. Na farko lokaci. Duk mai saye in ya shinshino cewa jibi zaka tafi, ya gama da kai, farashin da yaga dama zai taya kuma dole ka sallama. Ba a fafe gora ranar tafiya, wanda ya fara sayarwa wata biyu ko uku kafin tashi da wanda ya fara saura kwana biyar, abin da zasu tara ba ɗaya bane ko kusa. Na biyu masu cewa bari in ɗauka zan turo maka ƙarshen wata. Kana nan kusa ma ya aka ƙare da bin bashi balle ka yi nisa, duk abin da bai zama kuɗi a hannunka ba kafin ka hau mota ka ɗauke shi kyauta ka bayar. Na uku 'yan uwa da abokan arziki da zasu zo suna wannan ai ni zaka bar wa ko. Kyauta abu ne mai kyau kuma ni ina ganin duk mai tashi ya kamata ya ware abin da zai bayar da zuciya ɗaya, amma ka ware tun farko ka san iyakarsa, kar ka lissafa abu a cikin kuɗin da kake sa ran samu alhali ka san bakinka bazai iya cewa a biya ba.

Babban ramin sayarwa kuma yana can gaba, bayan ka isa. Mutum yana lissafa gado da katifa da firij da abin girki, ya manta da ƙananan. Tsintsiya, bokiti, labule da sandarsa, cokula, wuƙa, kwanuka, ƙwan fitila, abin shanya, abin goge ƙasa, zanin gado, abin jona wuta. Kowanne kamar ba komai ba, amma gida guda cur ne kake haɗawa daga sifili, sai kaga sati biyun farko kullum kana hanyar kasuwa kullum kuɗi na fita. Shi yasa ko wanda ya zaɓi sayarwa nake ce masa ƙananan kayan kicin da zannuwa da labule masu kyau ya cusa su a jaka ya tafi da su, in ka sa su a kasuwa ba abin kirki zaka samu ba, sayensu sabo kuma ya fi yadda kake zato. Ga kuma zuciya, ka isa sabon gida fes, sai ta ce ai tunda sabuwar rayuwa ce a sayi sabon komai kuma wanda yafi na da, ga masu shago suna cewa ɗauki ka riƙa biya kaɗan-kaɗan. In ka biye mata, ribar da ka ci wajen ƙin biyan kuɗin jigila zata tafi a kuɗin ruwa har da ƙari.

Yanzu ga abin da ni a ganina yafi duk waɗannan nauyi, wato yaushe kuɗin ke fita, yaushe yake shigowa. Ɗaukar kaya kuɗi yake cira daga aljihunka a dunƙule, kafin tafiya ko ranar sauke kaya. Sayarwa kuma kuɗi take sa maka a aljihu kafin tafiya, sake sayen kuma kai ke da iko da shi, yau katifa, wata mai zuwa firij, kujeru ma ko sai bayan wata huɗu. Kuma ka duba me ke jiranka a daidai wannan lokacin. Mai gidan can yana son kuɗin haya na gaba da kuɗin ajiya na ko-ta-kwana, dillali yana son la'adarsa, jona wuta da ruwa da intanet kowanne da nasa, makarantar yara da rajista da yunifom, ga kuɗin tafiyar ku kanku. Sau da yawa hayar tsohon gida bata ƙare ba ta sabon ta fara, kana biyan gida biyu. Kuɗin ajiyarka na tsohon gida in ma za a dawo maka da shi ba ranar zaka gan shi ba. Albashin farko kuma sai ƙarshen wata, wani wurin ma sai an gama shigar da sunanka ya zarce wata na biyu, in kuma sana'a kake yi kwastomominka duk ka baro su baya, sai ka sake tara wasu. Wato lokacin da kuɗi yafi fita shi ne lokacin da baya shigowa. Mutum biyu zasu iya kashe kuɗi daidai wa daida a ƙarshen shekara, ɗaya ya ɗauki kaya ɗaya ya sayar, amma wanda ya sayar ya wuce watan farko da kuɗi a hannu, wancan kuma ya wuce shi da rance. Shi yasa in lissafi ya zo kusa da kusa, ni wajen sayarwa nake karkata.

Wannan ya kawo mu kan abin da ya kamata ya rage maka bayan an gama biyan komai na tafiya. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce kuɗin rayuwar wata 3 zuwa 6. In aiki na jiranka da takarda a hannu, wata 3 zai iya isa. In nema zaka je yi, ka matsa kusa da 6. Kuma da tsadar can zaka auna ba da ta nan ba, ka tambayi wanda ke zaune a can nawa yake kashewa a haya da abinci da kuɗin mota, kar ka yi kirdado. Ka raba kuɗin gida biyu, na ƙaura daban na zama daban, in da hali ma asusu daban, don in suna haɗe ranar da direba yace sai an ƙara ba zaka san ka fara cin na abinci ba. Duk jimlar da ka samu ta kuɗin ƙaura kuma ka ɗora mata kamar kashi 15 ko 20 cikin 100, ni dai ban taɓa ganin ƙaurar da ta tsaya daidai kan lissafin farko ba. In ka ga ɗaukar kaya zai sa ka taɓa kuɗin zaman nan, ko sai ka ci bashi kafin ka iya, toh amsa ta fito, ka sayar. Cin bashi don a kai tsofaffin kujeru wani gari abu ne da bazan taɓa ba kowa shawararsa ba.

Amma akwai inda ɗauka ta fi, kuma fintinkau. In wurin aikinka ne zai biya, ai magana ta canza, sai dai ka karanta sharaɗin da kyau. Su zasu biya kamfanin kai tsaye ko kai zaka biya ka kawo rasit a maida maka daga baya, don na biyun yana nufin sai kana da kuɗin a hannu tukuna. Akwai iyakar da ba zasu wuce ba? In ka bar aikin kafin wani lokaci zasu ce ka dawo da kuɗin? Haka in iyalinka da yawa, gadaje huɗu katifu biyar, kayan kuma masu ƙwari ne, tafiyar ta mota ce a cikin ƙasa ɗaya, sake haɗa irin wannan gidan daga farko ba ƙaramin abu bane, mota guda ta kwashe ta fi sauƙi. Haka in inda zaka je wuri ne da kaya ke tsada ko ba kasuwar na hannu sosai. Sharaɗi ɗaya dai, ka tabbata gidan can ya samu, ka san girman ɗakunansa da faɗin ƙofofinsa. Kaya su iso ba inda za a sauke su masifa ce mai zaman kanta.

Inda sayarwa ta fi kuma a fili yake. In teku zaka ƙetare. In baka tabbatar zaman zai ɗore ba, gwaji zaka je yi. In gidan da zaka shiga da kayansa a ciki. In kai kaɗai ne ko ku biyu. Sai kayan wuta, wanda mutane ke mantawa. Amurka da Kanada wutarsu bolt 120 ce, Japan 100, Turai da mafi yawan Afirka da Asiya kuma 220 zuwa 240. Cajar waya da ta laftof yawanci an yi su su karɓi 100 har 240, ka duba jikinsu a rubuce yake, kan soket kawai zaka canza. Amma firij da injin wanki da dutsen guga da abin dumama abinci, in wutar ta bambanta sai da 'yar taransifoma mai canza ƙarfin wuta, wani ma ko da ita bazai yi aiki yadda ya kamata ba, ga garanti baya bin ka ƙetare. Mota ma haka, Ingila da Japan da Indiya ta hagun titi suke tuƙi sitiyari a dama, wasu ƙasashen basa yarda a shigo da motar da sitiyarinta ya saɓa nasu ko wadda ta wuce wasu shekaru, ga haraji. In a cikin ƙasa ne ka tuƙa abarka ka cika ta da kaya, ka lissafa mai da sabis da kwanan hanya. In ƙetare ne yawanci sayarwa ta fi kwanciyar hankali.

Akwai wata hanya ta uku da mutane ke gudu su fake a cikinta in sun kasa yanke shawara, wato a zuba kaya a sito na haya ko a ɗakin wani, in an zauna daidai a dawo a ɗauka. In wata ɗaya ko biyu ne kuma da ranar ɗauka tsayayya, ba laifi. Amma a ce kayan duka in an sayar 100 zasu kawo, sito kuma 8 ne duk wata, shekara na zagayowa ka biya 96, kayan sun ƙara tsufa, kuma har yanzu kuɗin ɗaukar na nan yana jiranka. In a gidan ɗan uwa ne kuɗi bazai fita ba, amma danshi da gara da ɓeraye basu san zumunci ba, shi ma mai gidan wata rana zai buƙaci ɗakinsa yana jin nauyin gaya maka.

In ka tsaya kan ɗauka, sai wani zaɓin kuma, kamfanin da zai yi komai ko kai ka nemo mota da leburori da kanka. Kamfani ya fi tsada, amma akwai takarda, akwai wanda zaka kama in abu ya ɓace. Yi da kanka ya fi araha a baki, sai ka haɗa mai da kuɗin hanya da abincin masu aiki da kwanakin da zaka rasa a wurin aikinka tukuna zaka san ko arahar ta gaske ce, kuma duk abin da ya fashe naka ne. Ko wanne ka ɗauka, ka ji farashin mutum uku, su zo su ga kayan da idonsu ko ka zagaya da su ta bidiyo, don farashin da aka yanka ta waya ba a ga kaya ba shi ne ke canzawa ranar da kayanka suka riga suka hau mota ba yadda zaka yi. A rubuta abin da kuɗin ya ƙunsa har da saukewa da hawa bene. Kar ka biya duka tun farko, kafin alƙalami kaɗan ya isa, sauran sai kaya sun sauka ka ƙirga. Wanda farashinsa ya faɗo ƙasa da na kowa sosai ka yi hattara da shi. In ranar tafiyarka zata iya matsawa, ka tambaya ko akwai motar da ta kawo kaya zata koma wajen da zaka je ba komai a ciki, irin wannan sukan sauko da kuɗi don ko ba kai ba komawa zasu yi. Ƙarshen wata da lokacin hutun makaranta kuma kowa ke tashi, in zaka iya kauce musu ka kauce.

In kuma sayarwa ce, ka fara da abin da ba kwa amfani da shi kullum, ka ɗauki hoto mai kyau da rana bayan ka goge abin, ka sa farashi da ɗan sarari na ciniki. Gado da firij da abin girki su ne na ƙarshe, ka samu mai saye tun da wuri ya biya, ku yi da shi sai ranar tashi ko ana gobe zai zo ya ɗauka. Kuɗin da ke shigowa kuma kai tsaye asusun zama zai wuce, don kuɗin kayan da aka sayar ɗaya-ɗaya saurin narkewa gare shi, yau an ɗan taɓa gobe an ɗan taɓa, ranar tafiya ka duba kaga kaya sun tafi kuɗin ma ba shi. In canjin kuɗi zaka yi zuwa na wata ƙasa, ka kwatanta abin da zai isa hannunka a can bayan an cire komai, don wani zai ce maka ba caji amma ya ci nasa a cikin farashin canjin.

Ko wacce hanya ka bi, akwai abin da baya shiga motar kaya ko kwantena. Fasfo, takardun makaranta, na haihuwa, na asibiti, yarjejeniyar haya, magungunan da ake sha kullum, gwal, laftof, da kayan sawa na kamar sati biyu, duk a jikinka zasu tafi, don kaya kan yi latti, kuma sake neman takarda daga nesa kuɗi ne da wahala.

A ƙaurata ta biyu takarda na ɗauka na bi ɗaki-ɗaki ina rubuta lambobin nan uku a gaban kowane abu. Abin da ya tsira kayan aikina ne, da kayan kicin, da zannuwa da labule, da littattafan yara, da wani ƙaramin tebur na katakon gaske da muke ƙauna. Sauran duk na sayar cikin wata biyu, wasu na bayar. Da muka isa katifu kawai na saya da abin girki, muka shimfiɗa a ƙasa, falon ba komai sai tabarma da teburin nan. Firij na hannu ya shigo da albashin farko, gado da na biyu, kujeru kuma sai a wata na biyar na samu wasu a hannun wani da shi ma tashi zai yi.